Takalmin da Kawu Yahuza Ya Yanka

Ni ne Nata'ala, wanda kuke ji a rediyo ana yi wa kirari da "gwarzo mai gudu ba takalmi". To yau ku ji gaskiya: ban taɓa yin gudu ƙafata tsirara ba. Haba! A ƙasar Miga, ga ƙaya ga yashi mai zafi? Sai dai mahaukaci.

Kawu Yahuza, ƙanin mahaifiyata, mai facin taya a bakin kasuwa, shi yake yi mini takalmi. Zai sa in taka kwali, ya zagaye ƙafata da gawayi, sannan ya yanko tsohuwar taya daidai awon. Kullum bayan sallar asuba yana biye da ni a keke da gorar ruwa, yana ihu: "Ɗaga ƙafa, malalaci! Jakin Sale ma ya fi ka sauri!" Shekara shida muna haka, har na fara cin gasar gudun fanfalaki a manyan birane.

Da gwiwata ta ƙi, sai na koma yi wa matasa jawabin ƙarfafa gwiwa, na kuma kafa gidauniya a Dutse muna raba wa 'yan makaranta takalma. Wata rana a wata sakandare a Kiyawa ina ta zuba, yara suna ta hamma. Haushi ya kama ni, kawai na ji bakina ya ce, "Ni da kuke gani, ba takalmi na fara gudu, kuma ba wanda ya tsaya mini!" Wayyo, ku zo ku ga tafi! Daga ranar ƙaryar ta zauna daram, ina ta maimaita ta a rediyo. Har tambarin gidauniyar muka mayar sawun ƙafa.

Abin da ban tuna ba shi ne, a Miga ma ana kama rediyo. Shekara da shekaru Kawu yana bugun ƙirji a majalisarsu ta gindin tsamiya cewa shi ya yanka wa gwarzo takalmi. Sai ga muryata ta ƙaryata shi a gaban abokansa. Suka sa masa suna "Mai takalmin iska". Dattijon da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba!

'Yarsa Zulaihatu ta kira ni a waya. "Yaya, Baba ya daina fita majalisa. Don Allah ka gyara maganar nan, ko sau ɗaya ne."

"Zan gyara," na ce, "bari mu gama taron masu ba da tallafi."

Taro ya wuce, wani ya zo. Tsoro nake ji kada a ce mai wa'azin gaskiya maƙaryaci ne, takalman yara su tsaya. Haka dai nake gaya wa kaina. Amma wallahi daɗin tafin nake ji.

Da na je gaishe shi da sallah, bai ɗaga zancen ba. Ƙafata kawai ya kalla, cikin takalmi ɗan kanti mai walƙiya, ya ce, "Wannan yana matse maka ɗan yatsa. Ba a auna ka ba." Na yi dariya, na ajiye masa shadda, na tafi. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar uku duk 'yan majalisar suna zaune a ƙofar gida. Bayan an shafa addu'a na miƙe.

"Jama'a, ku shaida. Ƙarya na yi a rediyo. Kawu ne ya yanka mini kowane takalmi da na yi gudu da shi, shi ya bi ni a keke shekara shida. Gaskiya ya gaya muku."

Malam Isah, babban amininsa, ya goge ido da hannun riga, ya jawo ni na zauna kusa da shi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," ya ce. "Ɗan halak ke nan, mai rufa wa mamacinsa asiri. Amma ba sai ka ɗora wa kanka ƙarya ba. Mu mun yafe wa Yahuza tuntuni, tsufa ne."

Duk suka ce amin.