Fuskar Inna da Man Gyaɗa

Kalilu mai fentin motoci ne a bakin iyakar Jibiya. Duk motar gyaɗar da ka gani da zaki ko dabino a ƙeyarta, to aikinsa ne. Amma fuskar mutum? Ko da wasa bai taɓa gwadawa ba, sai shekarar da innarsa Nana ta ɗaura niyyar Makka da ƙafa bayan kaka. Kowa ya san hanyar gabas: wasu su dawo da furfura, wasu ko labarinsu ba a ƙara ji. Kalilu ya ƙudurta sai ya ajiye fuskarta a gida. Ga shi garin ba mai ɗaukar hoto, ita kuma ko akwai ba tsayawa za ta yi ba.

Abokinsa Manu direba ne ya kawo dabara. Ya yago masa takardar kalanda daga Maraɗi, mai hoton wata tsohuwar Baturiya da wani gwanin Turawa ya zana tun zamanin kakanni. Rabin fuskar haske, rabi duhu, idon nan sai ka ce za ta tambaye ka mutanen gida.

"Kwaikwayi wagga har hannunka shi faɗa," in ji Manu. "Na ga wani Bafaranshe na yi. Garin launi yaka damawa da mai."

"Wane mai?"

"Kai ko! Mai dai."

To, a Jibiya in an ce mai, ai man gyaɗa ne. Kalilu ya daka jar ƙasa da farar ƙasa da baƙin tukunya, ya dama, ya hau katako. Fuskar farko ta fito da hanci kamar rogo. Wata ta fito da harara. Wata kuwa Manu ya dube ta ya rantse surukarsa ce. Kalilu ya yi tsaki har bakinsa ya gaji, ya karya burushi, ya koma ya ɗaure shi da zare. A hankali dai hannu ya faɗa, haske ya soma shiga duhu ba tare da an ga mahaɗa ba.

Sai dai abin haushi, zanen ya ƙi bushewa! Ya shanya a rana, ƙudaje suka manne. Ya jingine a ɗaki, kiyashi suka yi layi a kumatun Baturiya. Ya kai kusa da murhu, haɓarta ta zazzago. Da ya kai wa Manu kuka, sai gogan ya ɗaga kafaɗa ya ce ƙila ranar Faransa ta fi tamu zafi. Kalilu ya ji kamar ya shaƙe shi.

An yanke gero, ayarin Makka ya soma ɗaure kaya. Kalilu ya ɗauki katakon da ya fi kyau, ya shiga mai da Baturiya Nana. Yakan saci kallonta tana tankaɗe, ya ruga ya duhunta fata, ya sa tsagar kumatu, ya gyara leɓe. Wallahi ta fito. Ita ce sak, tana ta ƙyallin mai.

Ranar tafiya da hantsi Nana ta leƙo rumfarsa yin sallama. Ya sunkuya ya ce, "Inna, Allah shi kai ku lahiya, shi maido ku."

Ta amsa, sai idonta ya kai kan katakon. Ba ta gane kanta ba, don rabonta da madubi an daɗe.

"Wayyo, wagga baiwar Allah! Ka bar ta cikin zuhwa haka?"

Kafin ya buɗe baki ta kama bakin mayafinta ta share goshin, ta gangaro har haɓa, yadda take yi masa yana yaro. Waje aka ƙwala mata kira. Ta yafa mayafin ta fita, launin ƙasa dame-dame a kafaɗarta.

Kalilu ya juya ga katakon. Kunne ɗaya ya rage, sai kallabi.