Kujerar Dama

Malum Dawuda ya zare matashin kan kujerar direba ya ajiye a kan benci, ya zura wa kujerar sabuwar rigar fata daga sama, ya riƙa lallashinta da tafin hannu har ta sauka ta zauna. Shekara talatin da ɗoriya yana yi wa motocin Garwa rigar kujera a gindin wannan darbejiyar. Wannan motar ce ta kashe masa ɗa.

Wata uku ke nan. Mahfuzu, ɗansa na fari, direban Alhaji Sharif mai shinkafa, yana dawowa daga Lagdo da rana tsaka mota ta saki hanya ta daki bishiya ta gefen dama. Takardar 'yan sandan jandarma ta ce gudu ya yi yawa. Mutanen gari kuwa, da yake ba sa barin labari ba gishiri, suka ce ƙwaya ya sha. Hanan 'yar Alhaji, wadda aka ce tana kujerar baya, ta fita da ƙwarzane a goshi. Tun daga nan Halime, uwar Mahfuzu, ta daina zuwa suna da biki, don ta gaji da ta'aziyyar da ake cusa wa allura. Shi kansa Malum Dawuda ya koma sahun ƙarshe a masallaci. Mutuwar ya karɓa, ta Allah ce. Sunan ɗan ƙwaya da aka binne yaron da shi ne ya kasa karɓa.

Alhaji Sharif mutum ne mai son a ga alherinsa, kuma a gan shi da rana. Masu ɗinkin kujera sun fi goma a Garwa, amma da aka gama gyaran motar sai ya ce a kai wa uban marigayi, a taimaka masa da aiki. Thierry, makaniken da ya miƙar da ƙarfen, shi ya kawo ta da safe, ya samu inuwa ya zauna yana fifita da kwali.

Malum Dawuda ya tura igiyoyin roba ta tsakanin mazauni da jingina. Saura ya maƙala ƙugiyoyinsu a ƙasa, kuma hannu ba ya shiga sai an tura kujerar baya. Ya ja ƙarfen da ke ƙarƙashi, ya tura da kafaɗa. Ko motsi. Ya sake, har gumi ya ɗiga daga gemunsa.

"Kada ka wahala, Papa Dawuda," in ji Thierry. "Tun aksidan ta cije. Ƙasan motar ya lanƙwashe, layin ya maƙale. Yadda take ranar, haka take yau."

Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin zafin gari. Sai da maganar ta fita ya daina fifita.

Malum Dawuda ya ɗan jima a durƙushe. Sannan ya miƙe, ya shiga motar ya zauna. Gwiwoyinsa suka tokare ƙasan sitiyari, ƙirjinsa ya kusa taɓa hon. Shi kuwa ba dogo ba ne. Mahfuzu ne dogon gidan, wanda sai ya sunkuya yake shiga ɗakin uwarsa, wanda in ya karɓi mota abu na farko da yake yi shi ne ya danna kujera har ƙarshen layi. A wannan matsin ko ƙafa ɗaya ba zai iya shigarwa ba.

Ya fito ya zagaya ta dama. An shimfiɗa wani tsohon tawul a kan kujerar. Ya ɗaga. An wanke ta, an sake wankewa, ƙamshin omo har yana hawa kai. Amma wanda ya tsufa cikin kujeru ya san yadi ne kawai ke wankuwa, soso riƙewa yake. Ya danna babban yatsansa a kan mazaunin, yadin ya lotsa, launin ƙasa-ƙasa ya nuna daga ciki, faɗinsa ya kai faranti. Ya koma ya danna ta direba. Fes take.

"Thierry."

"Papa, ni janyo mota kawai na yi."

"Wa ka tarar a wurin?"

"Patron Alhaji ya riga jandarma zuwa." Thierry ya dubi ƙasa. "Iyakar abin da na sani ke nan. Ina da yara huɗu, Papa."

Bayan azahar Alhaji Sharif ya iso a wata motar, cikin farar shadda, yana gaisa da masu shaguna ɗaya bayan ɗaya don kowa ya shaida zuwansa.

"Malum, jam na? Ya haƙuri? Aiki na tafiya?"

"Alhaji, zo ka ga wani abu."

Ya nuna masa kujerar da ta cije. Ya nuna masa tabon. Bai ɗaga murya ba, muryar ma ba ta da ƙarfin ɗaguwa.

"Yarona ba shi ke tuƙi ba."

Alhaji bai firgita ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ya gyara hularsa, ya rage murya.

"Yarinya ce ta matsa masa ya koya mata. Shi babba ne, da ya hana ta. Ka ga ko ta nan da laifinsa."

"Ban ce a kama ta ba. Ka faɗa a masallaci kawai. Ka ce bai sha komai ba. Uwarsa ta ji, 'yarsa Ikram ta taso ta ji."

"In na ce bai sha ba, za a tambaya to me ya faru." Alhaji ya yi murmushin da yake yi wa masu neman ragi. "Malum, kai dattijo ne. Mahfuzu ya tafi inda suna ba ya amfani. Hanan kuwa saura sati biyar ɗaurin aurenta, dangin mijin har daga Kusiri za su zo. Wanne ya fi buƙatar suna a cikinsu?"

"Nawa ɗan fa, Alhaji?"

"Allah ya ji ƙansa. Na yi masa sadakar uku, na yi ta bakwai, buhu biyu na aiko gidanka, kowa ya gani." Ya duba agogo. "In aikin ya yi maka nauyi, Thierry ya kai ta kasuwar Marse Santiral, minti talatin an rufe. Ni dai taimako na yi niyya."

Ya tafi yana amsa gaisuwa.

Malum Dawuda ya tsaya yana kallon kujerar. Ya hango a ransa wani a kasuwa yana jefar da tawul ɗin, yana ɗora gwiwa a kan tabon don ya ja igiya, yana hira da maƙwabcinsa. Ya hango ƙawayen amarya sun zauna a kai suna guɗa. Ko me za a yi, ba za a zauna a kan jinin ɗansa ba, kuma hannun wani ba zai taɓa shi ba.

Ya ɗauko reza. Ya tsaga yadin, ya yanka sosan a zagaye, a hankali, kamar mai gudun kada ya ji wa wani ciwo. Jinin ya shiga fiye da yadda ya zata, sai da ya kai kusan ƙarfe. Ya ciro shi ɗungurungum ya sa a baƙar leda, ya ɗaure. Ya yanko sabon soso daidai ramin, ya shafa gam, ya cike, ya goge bakin har yatsa ba ya jin gaɓa. Sannan ya ja rigar fatar a kai, ya maƙala ƙugiyoyi, ya bi da tafin hannu yana korar tattara zuwa gefe. Ta direba kuwa ya kwanta a ƙasa ya zura waya ya kamo igiyoyin. Hannu ya san aikinsa ko da mai shi ba ya nan. Duk Garwa ba a yi wa mota riga mai kyau irin ta ranar ba.

Thierry ya bi shi da ido har ya gama.

Gab da la'asar ɗan acaba ya sauke Hanan. 'Yar gajeruwa ce, da lalle a hannu tun yanzu, tabon goshin ya ɓace ƙarƙashin hoda. Ta rusuna daga nesa.

"Baba, sannu da aiki."

Ta buɗe ƙofar direba ta zauna. Ba ta laluba ƙarfen kujera ba, ba ta ko dube shi ba. Ƙafarta ta sauka a kan birki daidai wa daida, hannuwanta suka kama sitiyari kamar an auna. Ta kai hannu ta shafa kujerar dama, ta danna, ta ja numfashi ta hanci, kafaɗunta suka sauka.

"Kai, Baba, Allah ya saka. Yanzu ko warin babu."

Ta tayar da mota. Thierry ya shiga ta dama ya zauna, bai waiwayo ba.

Malum Dawuda ya zauna a kan benci da ledar a cinya. Zai kai wa Halime. Zai ce mata ga shaida, ɗanki ba shi ke tuƙi ba, ki fita ki shiga mutane. Ya kwance ledar don ya sake gani. Guntun soso ne mai launin ƙasa, irin wanda ke zube a bayan shagon kowane mai ɗinkin kujera. Ya juya shi, ya sake juyawa, yana neman inda ya nuna daga kujerar dama aka ciro shi ko ta hagu.