Akuyar Jannatu

Malama Bahijja tana karanta wa 'yan aji ɗaya labarin wata akuya da ta tsinke igiya ta shiga kasuwa. A makarantar nan ta Tudun Wada, doka ita ce malami ya faɗa, yara su harɗe hannu su maimaita. Yau ba ta ce su maimaita ba. Ta rufe littafin ta ce, "Wa akuya ta taɓa yi wa ɓarna?"

Aji ya kaure. Har Jannatu, wadda tun shigowarta ba a taɓa jin muryarta ba, ta miƙe ta ce tasu ta cinye awarar da innarta ta soya don sayarwa.

Sai ga mataimakin hedimasta, Malam Kailani, a bakin ƙofa.

"Malama, aji ne nan ko tasha? Iyaye karatu suka kawo su, ba hira ba."

Jannatu ta koma ta zauna, ta sunkuyar da kai. Ganin haka ran Malama ya ɓaci.

"Ranka ya daɗe, tun farkon zango suke bina kamar aku, ba wanda ya san abin da bakinsa ke faɗa. Yau ne suka gane akuyar littafi irin ta gidansu ce."

"Zan kai ki wurin hedimasta."

"Ka kai ni. Amma yarinya na magana ka katse ta." Ta juya masa baya. "Tashi, Jannatu. Sai innarki ta yi yaya?"