Suna na Uku a Jikin Ginshiƙi

"Babu Dagadu a gidan nan, Baba," in ji Mangala, tana riƙe da ƙyaure. "Mahaifina ne a ciki, Bhikaji tela, kuma yana kwance."

"Shi nake nufi." Tsohon ya ɗaga wata wasiƙa. "Ba shi ya sa ki rubuto mini ba? Matsa, 'yata, tun safe nake cikin mota."

Ina bayanta da kwanon shinkafar da na kawo wa maras lafiya. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu.

A ɗaki Bhikaji ya buɗe ido da ƙyar.

"Dagadu Pawar, ɗan banza!" in ji baƙon. "Haka ka lalace?"

"Yashwant," in ji Bhikaji. "Har yanzu kana wannan munsharin? Turawa ma sun gaji da kai."

Kwanon ya yi mini nauyi. Dagadu Pawar shi ne suna na uku a jikin ginshiƙin tunawa da 'yan gwagwarmayar neman 'yanci da ke bakin kasuwarmu. Na haddace layinsa a rajistar kurkuku ta 1942: ɗan shekara goma sha bakwai, ya yanke wayar tangarahu, bulala talatin, ɗaurin wata goma sha takwas. Ba a taɓa gano danginsa ba. Shekara talatin ina koyar da tarihi, kowace shekara sai na kai 'yan mata su ajiye masa furanni.

"Me ya sa kake ce masa Dagadu?" na tambaya.

"Malamar makarantarmu ce," in ji Mangala.

"To Malama, ai duk haka muka yi. Ubansa akawu ne a tashar jirgin ƙasa. Ya faɗi sunansa na gaskiya a kori tsoho, yara bakwai su ci me? Ɗan sanda na tambaya, ya ƙirƙiro wannan sunan. A kurkuku ni na riƙa shafa masa man kwakwa a gadon baya, inda bulala ta fasa."

Zancen canjin sunan na sani. Bhikaji ya taɓa faɗa mini.

Da ƙasa ta cika shekara ashirin da biyar da 'yanci, aka kafa kwamitin tantance 'yan gwagwarmaya, aka sa ni saboda ba na yarda da labarin baki. Ina alfahari da haka. Garinmu kowa ya zama jarumi bayan Turawa sun tafi, har waɗanda suka riƙe musu laima. Bhikaji ya shigo ya ce, "Malama, da wani suna aka rubuta ni."

"Kai ne na goma sha ɗaya da ya faɗi haka yau," na ce. 'Yan kwamiti suka yi dariya.

Ban tambaye shi wane suna ba. Ya haɗa tafukansa ya fita. Washegari na shiga aji na karanta wa yara tsarin mulki, ina nanata musu cewa ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Shi kuma ya ci gaba da ɗinka wa makarantarmu tuta kowace Janairu, ta bikin ranar da tsarin mulkin ya fara aiki. Bai sake tayar da zancen ba.

Na matsa kusa da gadon. "Bhikaji, me ya hana ka faɗi sunan?"

"Kina sauri ranar, Malama," ya ce. "Shinkafar nan da gishiri? Ta jiya babu."

Ya cika bayan la'asar, Yashwant na riƙe da ƙafarsa.

Duk wanda ke cikin jerin kwamiti, da tutar ƙasa ake lulluɓe gawarsa. Da safe na tafi ofishin gunduma da Yashwant, neman a ba Bhikaji tutar. Akawun tsohuwar ɗalibata ce. Ta saurare mu sarai, ta ɗauko fayil, ta juyo mini shi.

"Sa hannunki ne a kan ƙin amincewa da shi, Malama. Ke kika koya mana takarda ce shaida. A rubuto ƙorafi, wata uku."

"Yau za a ƙone gawarsa," na ce.

"Ki yi haƙuri, Malama."

Na dawo na tarar an yi masa wanka, an naɗe shi da farin ƙyalle saƙar hannu. A shagonsa, tutar makaranta na kan keken ɗinki, gefe ɗaya bai gama kalmasawa ba. Na kai hannu zan zare ta.

"Bar ta, Malama," in ji Mangala daga bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. "Ta yara ce. Ya ce in ƙarasa in kai kafin ashirin da shida ga wata, ranar bikin."

Maza suka ɗauki makara suka nufi bakin kogi, inda ake ƙone gawa bisa al'adarmu. Hanyar ta bakin kasuwa ta bi. Daga nesa na ga Yashwant ya tsayar da su a gindin ginshiƙin, suka ɗan jima, suka wuce.

Na zauna a kan kujerar shagon. Allurar tana nan cikin koren ƙyallen tutar, inda ya tsaya.