Jar Shinkafar Inna Laure

Tun Inna Laure tana da ƙarfinta, ba a zama cin tuwo da ita ba ta kawo zancen jar shinkafa ba, wadda suke yanka daga cikin kwalekwale a fadamar Argungu tana budurwa. Sai ta ɗauki loma ta jujjuya, ta ce wannan farar ta inji da alli duk ɗaya ne. Ɗanta Munzali kuwa bakinsa bai gajiya da alkawari, kullum zai nemo mata. Aiki ya riƙe shi a Birnin Kebbi, aure ya zo, yara suka biyo baya. Ranar da ya tashi nema da gaske, manoma sun daɗe da komawa sabon iri.

Sai bana aka yi masa kwatancen Dankure, wani tsoho a hanyar Augie da taurin kai ya hana shi rabuwa da tsohon iri. Munzali ya je ya sayo, ya ɗauro ƙunshin shinkafar a bayan babur, ko gidansa na Gwadangaji bai tsaya ba, ya wuce Badariya wajen yayarsa Ɗayyaba, inda Inna take zaune tun da tsufa ya rikita ta.

Ɗayyaba ta buɗe ƙunshin ta taɓe baki. "Ka makara, Munzali. Wagga Innar shayi da burodi taka so. Ko sunana ba ta riƙe ba."

"Yaya, da bakinta tac ce tana so. Ba ta taɓa cewa ta fasa ba."

"To wa za ka ba? Wadda tas so tun shekarun baya, ko wadda za ta tauna yau? Kanka dai kaka son wankewa."

Maganar ta soke shi, don akwai gaskiya a ciki. Tsoro ya kama shi, kada ya zama ya cika alkawari ga wadda ba ta nan. Duk da haka Ɗayyaba ce ta surfa ta tuƙa, ta kaɗa miyar kuka da busasshen kifi. Haka take dama, bakin ne kawai da zafi.

Inna ta dubi tuwon, ta sunsuna, ta gutsura kaɗan. Ta daɗe tana taunawa, sannan ta ture kwanon ta rufe shi da faifai. Ɗayyaba ta yi wa ƙanenta kallon ai na faɗa maka.

"Bawan Allah," in ji Inna, tana duban Munzali kamar baƙo, "ka san ɗana Munzali?"

Ya ce, "Na san shi, Inna."

"To kai mashi wanga. Ni na ci rabona tun tuni, na ƙoshi. Shi ko da anka haihe shi an bar nomanta. Kullum ina son shi ɗanɗana, shi ji abin da anka rene ni da shi."

Ashe duk mitar nan ta shekara da shekaru ba don cikinta take yi ba.

Munzali ya ɗauki kwanon ya fita tsakar gida, ya wanke hannu ya zauna a tabarma. Tuwon ya fi na inji tauri, da ɗan ƙanshin ƙasa bayan ruwa. Yana ci hawaye na zuba, yana gode wa Allah da Ya bar masa ita har ta aike shi da bakinta. Ɗayyaba ta goge ido da gefen zani, ta ce ya matsa, ita ma ta sa hannu.

Da suka gama ya koma ɗaki ya durƙusa. "Inna, na kai mashi. Ya cinye, ya ce a yi maki godiya."

"Ya ci?" Fuskarta ta washe. "Alhamdulillahi."

Sannan ta leƙa ƙofa, ta tambaya ko ruwan shayinta ya tafasa.