Mai Ba da Sauti

Firmin yana fere harshen algaitarsa, 'yar gorar da ake sawa a baki a busa, da 'yar wuƙa a ɗakin bayan coci, lokacin da Madam Delmas, shugabar kwamitin ƙauyen, ta leƙo karo na uku ta ce jama'a sun zauna. Mutum arba'in da ɗaya, in ji ta, har da magajin gari, wanda kowa ya san sanyin ginin ne yake kawo shi ya yi barcin la'asar.

Coci na goma sha ɗaya ke nan tun kamawar Yuli. Su uku ne a tsohuwar mota, daga wannan ƙauye zuwa wancan: shi, da Anselme mai basun, wata doguwar algaita mai kaurin murya, wanda suka shekara talatin suna busa tare suna gardama a kan hanya, da Solange mai busa sarewar kilarinet, ɗalibarsa ta dā. Yanzu 'ya'yanta biyu, amma har yau bakinta bai iya kiran sunansa ba, sai Malam. Ko'ina abin ɗaya ne: kankana da cuku, kujerun katako masu kuka, tsofaffin mata na fifita da takardar shiri. Firmin ya gaji har cikin ƙashi. Ga Anselme ya matsa masa lamba, yau yake son jin ko za su sake zagayen baɗi.

Leɓɓansa ne matsalar. Tun hunturu ya lura sun fara saki, in ya yi dogon busa sai su kama rawa. Bai gaya wa kowa ba. Sai ya riƙa ƙara fere harshen algaitar, yana sirantar da gorar don ta yi masa sauƙi, yana ganin ya rufa wa kansa asiri.

A wannan sana'a, mai algaita ne ke ba da sauti. Kafin a fara, shi zai busa guda ɗaya, sauran su daidaita nasu a kai. Shekara arba'in Firmin na yin haka. Akwai ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu a akwatinsa, wanda ake bugawa a gwiwa ya fitar da sautin gaskiya, amma ya manta rabon da ya taɓa shi. Yakan ce nasa a cikin kai yake.

Suka fito, aka tafa. Ya ba da sauti, suka bi shi, suka shiga. Kashi na farko ya tafi sumul, muryoyin uku sun haɗu babu ko tsaga. Da suka koma ɗakin baya don hutun rabin lokaci, har ya fara rayawa a ransa cewa baɗi ma za ta yiwu.

Solange ta ajiye kilarinet a tebur ta fita kiran mijinta. Idon Firmin ya faɗa a kai. Gaɓar sama a zare take, tazarar har farcensa zai shige. Shi ya koya mata wannan tana 'yar shekara goma sha huɗu: ana zaro gaɓar ne don a sauko da sauti. A ginin dutse mai sanyi irin wannan kuwa, kayan busa da kansu suke sauka, turawa ake yi ciki, ba zarowa ba. Ya juya ga basun ɗin Anselme. Doguwar ƙugiya ce a bakin basun ɗin, wato lanƙwasasshen bututun da ake hurawa, wadda Anselme ba ya sawa sai in za a bi tsohon kayan kiɗan coci da sautinsa ya sauka.

"Anselme, yaushe ka koma doguwar ƙugiya?"

"Kai dai ci kankanarka, tsoho."

"Tambayarka nake yi."

Anselme ya goge hannu a wando, ya ce tun bara.

Firmin ya buɗe akwati, ya lalubo ɗan ƙarfen a ƙarƙashin tsumma, ya buga a gwiwa ya kai kunne. Sannan ya ɗauki algaita ya busa nasa. Na ƙarfen yana sama, nasa yana ƙasa. Ba da yawa ba, amma dā can da ɗalibi ya kawo masa wannan, da ya kore shi gida ya je ya wanke kunne.

"Wa ya ji?" in ji Anselme. "Mu uku muna tare. Wa zai gane, magajin gari?"

Solange ta shigo ta ga ƙarfen a hannunsa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ni na ce kada a faɗa maka, Malam. Kullum kaɗan nake ƙara zarowa. Ban san ya kai haka ba."

Ya so ya yi fushi, ya nema bai samu ba. Kunya ce ta rufe shi, da wata gajiya da ta fi ta mota. Ashe shekara guda suna saukowa suna tarar da shi, kamar masu rage tafiya don tsohon da ke baya, shi kuwa yana gaba a zatonsa. Madam Delmas ta leƙo ta ce lokaci ya yi, ta kuma ce kwamiti na fatan ganinsu baɗi.

Suka koma gaban jama'a suka zauna. Fifita ta tsaya, aka yi tsit. Anselme da Solange suka ɗaga kayansu suna dubansa, suna jira kamar kullum. Firmin ya bar algaitar a cinya.

"Solange," ya ce a hankali, "mayar da gaɓar. Ke ba mu sautin."

Ta dube shi, ta dubi Anselme, wanda tuni ya sunkuya yana sauya ƙugiya. Ta tura gaɓar har ta rufe, ta busa. Sautin ya tashi tas, ya cika cocin.

Firmin ya sa harshen a baki, ya matse leɓɓan da ke masa zogi, ya hau, ya hau, har ya same ta. Ya san zai iya riƙewa na minti ashirin ɗin da suka rage. Maganar baɗi kuwa, zai ba Anselme amsarsa a mota.

A layin gaba, magajin gari ya gyara zama ya ci gaba da barcinsa.