Majigin da Gidiyon Yake Jira

Hudu tela ya kifa kwanon sha a ka, ya ware hannuwa, yana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tsallake kwata, mutanen da ke zaune a rumfarsa suna ta dariya. Ya maƙale murya ya ce ga shi ya sauka a tauraro, yana neman inda ake sayar da fura. Sai ya ji dariyar tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ya waiwaya, Gidiyon ne tsaye a bakin rumfar, ya dogara da sanda, da wanduna a naɗe a hammatarsa.

Gidiyon ya matso. Ya gai da kowa, ya miƙa wandunan, ya ce a rage musu ƙugu, sun yi masa yawa. Hudu ya karɓa da hannu biyu. Sai da mutumin ya sha kwana sannan Hudu ya tuna kwanon yana kansa.

Katanga ce kawai ta raba gidajensu a Dutsin-Ma. Gidiyon mutumin kudancin Zariya ne, Kirista. Ya daɗe yana bin motar majigin gwamnati ƙauye-ƙauye yana kunna inji, kafin ciwon ƙirji ya zaunar da shi ya koma gyaran fitilu. Tun kafin damina wani tsohon abokin aikinsa, Simeon, wanda ke tuƙa motar majigin wani kamfanin sabulu, ya biyo ya ba shi labarin wani sabon majigi da ke tafe daga Ikko. Wai mutane ne suka shiga jirgin ƙarfe mai kama da rumbu, suka bar duniya, suka sauka a wani tauraro inda mutum ba ya da nauyi. Gidiyon ya riƙe labarin nan gam. Duk wanda ya kawo fitila sai ya ji shi, har da yadda aka ce suna tafiya. Yakan ce ya haska wa jama'a haƙar masai da tsinkar auduga har ya gaji, yana so idonsa ya ga wannan. Hudu ne ya laƙaba masa Ɗan Tauraro, sunan kuwa ya bi unguwa.

A ranar da aka kawo wandunan Hudu ya gama ɗinkin, amma ƙafarsa ta ƙi kai shi gidan Gidiyon. Ya ba matarsa Rahamatu ta miƙa ta katanga. Ya sake hanyar zuwa masallaci don kada ya bi ta ƙofar gidan. Tarin Gidiyon yana ƙetaro katanga, kullum yana ƙara zurfi. In Rahamatu ta kai kunu ta dawo takan ce maƙwabci yana tambayarsa, shi kuma ya duƙufa kan keken ɗinki ya ce aiki ya yi yawa.

Ana cikin yankan gero sai Roda, matar Gidiyon, ta yi sallama a rumfar da kanta. Ta ce motar Simeon ta iso Kurfi, yau za a yi majigi, gobe kuma Katsina za ta nufa, ba za ta biyo nan ba.

"Malam Hudu, maigidan ba zai iya hawa mota ba," in ji ta. "Ya ce kai ne ka iya ba da labari da jiki. Ka je ka gano masa."

Hudu ya dubi fuskarta yana neman gatse, bai samu ba. Da ya samu, da ya fi masa sauƙi. Ya rufe rumfa ya ɗauki kekensa na hawa.

Ya isa Kurfi rana ta yi sanyi. Bayan magariba aka ɗaura farin ƙyalle a jikin motar, gari ya taru. Aka nuna wata mata tana wanki da sabulu, aka nuna wani ɓarawon akuya ana binsa. Sannan mai lasifika ya ce a ɗanɗana abin da ke zuwa nan gaba. Sai ga rumbun ƙarfen, wuta na fita ta gindinsa, yana ta hawa har duniya ta koma kamar faifai. Sai ga mutane cikin kaya masu kumburi, kawunansu a cikin tukwanen gilashi, suna ɗaga ƙafa a hankali, hannuwa a ware. Jama'a suka ɗauki sowa da dariya. Hudu ya sunkuyar da kai, ya tuna aiko shi aka yi, ya sake ɗagowa. Kafin ya gama kallo ƙyallen ya koma fari.

Ya nemi Simeon a bayan mota. Simeon ya ce talla ce kawai, ainihin majigin yana Ikko, sai dai ko da rani. Ya tambayi jikin Gidiyon, Hudu ya gaya masa gaskiya. Hudu ya kwana a gidan ƙanwar uwarsa, ya kamo hanya bayan sallar asuba.

Ɗakin Gidiyon yana warin man zafi. Mutumin ya ƙare, sai ido. Hudu ya durƙusa a bakin gado, ya gaishe shi da jiki, ya faɗi abin da ya gani bai ƙara komai ba. Gidiyon ya tambayi girman jirgin, da ko ana ganin fuskokinsu.

"Sun koma gida kuwa?" ya ce.

"Ba a nuna ba, maƙwabci. An ce sai da rani."

Gidiyon ya gyaɗa kai, ya dubi rufin ɗaki. Hudu ya buɗe baki zai roƙi gafara, maganar da ya yi ta shiryawa tun daga Kurfi, sai Gidiyon ya riga shi.

"Tafiyar da ka yi rannan a rumfa, haka suke yi?"

"Haka suke yi."

"To tashi ka yi in gani, Malam. Rannan daga baya na tsaya."

Hudu ya dubi Roda, ta kawar da kai. Ya miƙe. Ya ware hannuwa, ya ɗaga ƙafa, ya sauke ta a hankali, daga bakin gado zuwa randa, daga randa zuwa ƙofa. Bai taɓa yin abu da kulawa haka ba. Babu wanda ya yi dariya. Gidiyon yana binsa da ido, bakinsa a ɗan buɗe, har tari ya kama shi Roda ta tallabo kansa. Gafarar da Hudu ya zo nema ba ta sami wurin fita ba, ya ce a ransa sai gobe.

Washegari da hantsi ya ji Roda ta kira Rahamatu ta katanga, da muryar da ba sai an yi bayani ba.

Kiristocin garin ba su da yawa, yawancinsu ma suna wurin aiki. Hudu ya ɗauki diga ya bi su makabartarsu a bayan gari, ya yi haƙa har tafinsa ya ɗuri ruwa. Da suka fara waƙa da yarensu ya ja gefe ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Bayan an rufe Gidiyon, Roda ta zago da buta tana zuba wa masu haƙa ruwa. Da ta zo kansa ya tara hannu, ya cuɗa, ƙasar ta fita tas. Idonta yana can wani wuri, ba ta daina zubawa ba. Shi ma bai janye hannunsa ba, har butar ta ƙare.